Wata bakwai tuluna yana kife

A Wusasa aka haife ni, a gindin dutsen Kufena, kuma tun ban san dama da hagu ba nake jin ƙarar tulu. Kakata ce mai buga shi a zumuntar mata, ƙungiyar matan majami'a. Ga wanda bai taɓa gani ba, tulun ƙasa ne irin na ruwa, sai dai ba a zuba masa komai. Ana riƙe wani faffaɗan soso da aka naɗe da tsumma, a riƙa dukan bakinsa, ya ba da wata murya mai kauri wadda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Idan mata suka jeru da zanensu iri ɗaya, mai shantu ta fara, mai kacau-kacau ta shigo, to tulu ne ke riƙe da su gaba ɗaya. In ya kuskure, ƙafar kowa ta kuskure.

Ran Lahadi takan riƙe hannuna mu bi ta gaban tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a 1929, lokacin da 'yan mishan suka baro cikin birnin Zariya suka zauna a Wusasa. Ko da bazara cikinta akwai sanyi, ga bakan gizo a sama irin na soron sarakuna. A gida kuma tana da wani tsohon Littafi Mai Tsarki da take naɗewa a ɗankwali. Takan ce mana su Dakta Miller, ɗan mishan, ne suka sha wahalar juya shi zuwa Hausa har aka buga shi a 1932, don haka kada wanda ya taɓa mata shi da hannun miya. Karatunta ba mai yawa ba ne, amma Zabura a ka take. Har gobe idan na ce ni Bahaushiya ce kuma Kirista akwai masu sake dubana. A wurinmu ba abin mamaki ba ne. Danginmu sun kasu biyu, da Babbar Sallah a aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika da shinkafa da cincin.

Da kaka ta tsufa hannunta ya fara rawa, sai ta miƙa mini tulun. Da shi na tafi gidan miji a Sabon Gari, a cikin kayan ɗakina, an cusa shi a buhu da tsummoki don kada ya fashe a hanya. Maigidana bakanike ne, ni kuma tela. Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Ba mu tara wani abin a zo a gani ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, muna da ɗan fili da muke burin ginawa, ina da keken ɗinki biyu da yarinya mai koyo. Shekara goma sha biyar ina buga tulu a majami'armu. Mutane suna cewa ina da farin jini da fara'a, ni ma na ɗauka cewa farin cikin nan halina ne, da shi aka haife ni.

Maigidana yana da hawan jini tun da daɗewa. Yakan sha magani in kansa ya yi ciwo, in ya ji sauƙi ya ajiye. Ni ma ban matsa masa ba, don ban san cewa ciwon nan yana cin mutum a ɓoye ba, yana lalata ƙoda ba tare da wata alama ba. A farkon 2019 takalmansa suka daina shigarsa. Fuska ta riƙa kumbura da safe, abinci ya fita ransa, ga amai, ga gajiyar da ba ta da dalili. Ranar da likita ya zaunar da mu ya ce ƙodojin biyu duk sun gaza, ina kallon bakinsa yana motsi amma kamar daga cikin rijiya maganar ke fitowa.

Aka ce sai wankin ƙoda. Ana jona mutum da na'ura ta riƙa jan jininsa tana tacewa tana mayarwa, kusan awa huɗu kowane zama. Likita ya ce sau uku a mako ya kamata. Muka fara da biyu, don iyakar ƙarfinmu ke nan, daga baya ya koma ɗaya, wani makon ma babu. Fili ya tafi. Babur ɗinsa ya tafi. Keken ɗinkina mai lantarki ya tafi, na sallami yarinyar da ke koyo, sai tsohon keken ƙafa ya rage. 'Yan kunnen aurena na kai kasuwa da kaina, mai sayen ya ɗora su a ma'auni ya faɗi kuɗin da ko wanki ɗaya bai cika ba, na karɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. An hana shi gishiri, an ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, saboda jikinsa ba ya iya fitar da shi. Na samo gwangwanin madara na wanke, da shi nake auna masa. Mutumin da yake dawowa daga gareji ya kafa kai a moɗa sai ya ga ƙarshenta, shi ne yake riƙe gwangwani da hannu biyu yana kurɓa kaɗan-kaɗan, yana juya ruwan a baki kafin ya haɗiye. Wata rana na shigo na same shi yana kallon randa kawai. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da zane.

Duk da haka ban fasa zuwa sujada ba, ban fasa buga tulu ba, sai wata Lahadi a watan Satumba. Da safen nan na baro shi yana amai, babbar 'yata tana riƙe masa roba. Lokacin baiko ya yi, wato lokacin ba da kyauta ga Allah, mata suka miƙe, waƙa ta yi daɗi, ana takawa ana juyi, wata ta rangaɗa guɗa a daidai kunnena. Sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na dubi fuskokinsu, kowa haƙora a waje, na ce a raina: me ake yi wa murna? Wa nake yi wa kiɗa? Hannuna ya tsaya cak a sama. Waƙar ta ɗan yi tangal-tangal, mai ganga ya rufe gurbin. Da aka tashi na ɗauki tuluna na kai gida, na kife shi a bayan ƙofa, na ɗora masa tsohuwar tabarma.

Ba zan ɓoye ba, fushi nake yi da Allah. Ban daina gaskata cewa yana nan ba, na dai daina yi masa magana, kamar yadda mace ke yi wa miji gaba alhali suna ɗaki ɗaya. Wasu maganganun da na ji a lokacin sun ƙara hura wutar. Akwai wadda ta ce mini da bangaskiyata ta kai ƙwayar mastad da tuni ya tashi. Akwai wanda ya ce mu bincika gidanmu, wataƙila akwai zunubin da ba a furta ba. Na san ba da mugunta suka faɗa ba, amma ina roƙon duk mai zuwa gaida marar lafiya ya auna maganarsa. Mai jinya ya riga ya tuhumi kansa sau dubu kafin ka iso. Abokan Ayuba ma, a Littafi Mai Tsarki, kwana bakwai ɗin da suka yi zaune ba su ce uffan ba, su ne mafi alherin abin da suka yi masa.

A watan Janairun 2020 aka kwantar da shi a asibiti. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, sanyi na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa da kyau. Ina kwance a kan kwali a gefen gadonsa, wajen ƙarfe ɗaya na dare, sai na ji ya ce, "Maman yara, kin yi barci?" Na ce a'a. Ya ce, "Yi mini waƙar nan ta kaka." Na ce masa ba ni da murya, kuma mutane na barci. Ya yi shiru. Can sai na ji shi da kansa ya fara, da muryar da ta dushe, yana tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar kowane baiti. Mutumin da a shekarun aurenmu ban taɓa jin ya ɗaga murya a waƙa ba, ko a majami'a leɓensa kawai ke motsi. Kunya ta kama ni. Na matso na kama masa, ƙasa-ƙasa.

Da muka kai ƙarshe na yi shiru, sai wani dattijo da ke jinyar ɗansa a gado na gaba, da carbinsa a hannu, ya ce, "Baiwar Allah, in ba ki gaji ba ki ƙara. Yaron nan kwana uku bai runtsa ba, ga shi ya samu barci." Na ƙara. Maigidana ya lalubo hannuna ya ce, "Kin ga Bulus da Sila ke nan." Yana nufin abin da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 16, inda aka yi musu dūka a Filibi aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran 'yan kurkuku suna saurare. Na ce masa ai su an buɗe musu ƙofa. Ya ce, "Sun fara waƙar kafin a buɗe."

Da na so in ce daren nan ne zuciyata ta sauko, amma ba haka aka yi ba. Don shi na yi waƙar, ba don Allah ba. A watan Fabrairu ya rasu, da asuba, kansa a cinyata.

Matan zumunta sun yi mini abin da ba zan iya biya ba. Su suka yi girkin zaman makoki, su suka kwana da ni, su suka yi waƙa a bakin kabari. Ni dai bakina a rufe. Kafin in gama karɓar gaisuwa sai ga korona. A ƙarshen watan Maris gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar zaman gida ba dare ba rana, aka rufe kasuwanni da makarantu da masallatai da majami'u. Masu zuwa ta'aziyya suka ɗauke ƙafa ba don sun so ba. Gidan ya yi tsit. Babu mai kawo ɗinki, ga bashin asibiti a wuyana, ga buhun masara ya kusa kaiwa gindi. Maƙwabciyata Hajiya takan miƙo mini kwanon gero ko ƙullin kuka ta kan katanga, ta ce, "Maman yara, ki daure ki ci wani abu, ko don yaran nan." In karɓa in yi godiya in koma in kwanta.

Kwanciyar nan ita ce abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna. Sai rana ta take ina kan katifa, fuskata a bango. 'Yata mai shekara goma sha huɗu ita ke hura wuta, ita ke yi wa autanmu wanka. Ina jin su suna magana ƙasa-ƙasa don kada su dame ni. Akwai dararen da na roƙi kada gari ya waye da ni. Ba ciwo nake yi ba, ƙarfin tashi ne babu, kamar an zare mini laka.

Ranar 12 ga Afrilu ita ce Ista. Tun da nake ban taɓa ganin ranar tashin Yesu daga matattu ta zo gari shiru haka ba, babu sujadar asuba, babu sabon ɗinki, babu yara a layi. Wajen la'asar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Wata tsohuwa ce ta zumuntarmu da ke bayan layinmu, kowa Mama yake ce mata. Ta ratso ta lungu, ta ɗaure hanci da baki da ɗankwali, tana riƙe da langa. Wannan baiwar Allah ta binne miji ta binne 'ya'ya biyu. Ta ajiye langar, shinkafa da wake ce da ɗan mai da yaji, ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna nesa da ni a tsakar gida. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Sai da yara suka ci suka ƙoshi, sannan ta ce, "'Yata, ina tulun kakarki?"

Na ce, "Yana kife, Mama."

Ta ce, "To, a ɗauko mini. Yau Ista, ni ba zan kwana ban yi wa Ubangijina waƙa ba, kuma gidana ni kaɗai ce."

Ɗana ya janye tabarmar ya ɗauko shi. Yanar gizo ta cika bakinsa, ƙura ta yi masa fari. Mama ta share da gefen zanenta, ta kafa shi tsakanin ƙafafunta, ta ɗauko wata waƙar tashin Almasihu da kowane yaron Makarantar Lahadi ya sani. Muryarta na nan daram, amma kiɗan ya ƙi. Tana dukan tulun a inda bai kamata ba, waƙa na gabas kiɗa na yamma, yara suna so su kama sun rasa inda za su sa ƙafa. Na daure baiti ɗaya. Na daure na biyu. A na uku ban san lokacin da na sauko daga bakin ƙofa na ce, "Mama, kawo." Har yau ban sani ba ko da gangan ta yi, na tambaye ta daga baya ta ce ita dai shantu ta iya.

Dukan farko da na yi, muryar tulun ta daki ƙirjina, sai kukan da na riƙe tun Satumba ya ɓalle. Ban tsaya ba. Ina kuka ina bugawa, majina da hawaye, hannuna yana tafiya da kansa. Mama na waƙa, yara na amsawa, autana ya tashi yana tsalle yana juyi a tsakar gida da cokali a hannu. Kalmomin da nake ji ina amsawa suna cewa kabari bai riƙe shi ba, mutuwa ba ta da iko a kansa. Na rera su sau ɗaruruwa a baya da sabon anko a jikina. Ranar ce na fara rera su ina da nawa mamacin a ƙasa, kuma ranar na ji nauyinsu. Idan gaskiya ne Yesu ya tashi, to maigidana ba a bakin gwangwanin madara labarinsa ya ƙare ba. Mun yi waƙa ta kai biyar. Da na ɗaga kai sai na ga Hajiya ta leƙo ta kan katanga tana share ido da mayafi.

Kafin Mama ta tafi ta sa ɗana ya buɗe littafin Nehemiya sura 8 ya karanta. Mutanen da suka komo daga bauta ne, sun gyara garun Urushalima, suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra yana karanta musu Shari'a tun safe har tsakar rana, suna ta kuka. Sai aka ce musu su je su ci mai kyau su sha mai zaƙi, su aika wa waɗanda ba su da komai, kada su yi baƙin ciki, gama farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Mama ta ce, "Maimaita wurin nan. Farin cikin wa aka ce?" Yaron ya ce, "Na Ubangiji." Ta ce, "To." Ta ɗauki langarta ta fita.

Na kwana ina juya wannan tambaya. Wata bakwai ina leƙa cikin zuciyata ina neman farin ciki, ban samu ba, sai na yanke cewa in na yi waƙa na yi munafunci. Ashe abin da na riƙa kira farin cikina a shekarun baya, rabinsa lafiyar miji ce da cikar tukunya. Da suka tafi ya bi su. Wanda aka ambata a Nehemiya ba daga cikina yake fitowa ba, nasa ne, yana nan ko na ji ko ban ji ba, kamar rijiyar unguwa da ba ni na haƙa ba. Waƙar ita ce gugar da na jefa. Na kuma lura cewa ba a ce wa mutanen nan ba su da dalilin kuka ba. An dai haɗa musu murnar da cin abinci da aika wa maƙwabci, kamar yadda Mama ta fara da langa kafin ta tambayi tulu.

Washegari na tashi da asuba na share tsakar gida. Ƙaramin abu ne, amma rabona da tsintsiya tun kafin rasuwar. Muka sa wa kanmu ƙa'ida ni da yara: kowace yamma bayan an ci abinci, waƙa uku da Zabura ɗaya. Wata rana da daɗi, wata rana kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Akwai yammacin da na buga baiti ɗaya na ajiye na shige ɗaki, yara suka ƙarasa da tafi. Amma mun riƙe. A cikin makonnin nan aka ce kowa ya riƙa sa takunkumi. Na jawo buhun ƙyallayen atamfa da na tara shekara da shekaru, na zuba wa tsohon keken ƙafa mai, na fara ɗinkawa. Ranakun da aka ba da damar fita sayen abinci ɗana yakan zuba su a tire ya zaga. Da kuɗin takunkumi muka ci abinci har aka buɗe gari. Ina taka keke ina waƙa, ƙafata na bin kiɗan, in duba in ga na ɗinka hamsin ban sani ba.

Lahadin farko da na koma majami'a da tuluna, idona ya sauka a bencin da yake zama a ɓangaren maza, wani ne a wurin. Na ji gwiwata ta yi sanyi. Uwar zumunta ta dube ni ta ɗaga gira, alamar ko zan iya. Na gyaɗa kai. Da lokacin baiko ya yi aka rangaɗa guɗa, irin wadda ta kore ni a bara, sai na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya da wani ido dabam. Wannan ɗanta na kurkuku. Waccan shekara goma sha biyu ba haihuwa. Ga wadda aka kora daga ƙauyensu da dare, ta iso Zariya da zanen jikinta kawai. Da can haƙoransu kawai nake gani, na ɗauka ba su san zafi ba. Ni ce ban san abin da suke ɗauke da shi suna rawa ba.

Bashin asibiti sai da ya ɗauke ni shekara uku kafin na sauke. Fili bai dawo ba, har yanzu haya muke. Babbar 'yata tana karatu a Samaru, kuɗin makarantarta kowane zango sai an yi ta maza. Kewarsa ba ta tafi ba, takan zo mini ba sallama, musamman idan hunturu ya shigo ko na ji warin baƙin mai a jikin wani a cikin Keke Napep. Ƙarshen littafin Habakuk ya zama wurin da na fi buɗewa, inda annabin ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, shi zai yi murna da Allah mai cetonsa. Mutumin da ya lissafa asararsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce zai yi murna, na yarda da maganarsa. Kuma duk wanda ya zo shagona na ji yana cewa kansa na ciwo, sai na tsare shi da maganar awon jini da shan magani kullum, har wasu na ce mini likita.

Yanzu ina cikin masu zuwa gaida gwauraye a zumuntarmu. Ba na ce wa kowa ta daina kuka, ba na kuma jan kowa zuwa fili ta yi rawa. Makon jiya na je wurin wata yarinya a Tudun Wada, shekararta ba ta kai talatin ba, mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna, ya bar ta da goyo. Tana cikin mawaƙan majami'arsu. Na same ta kwance fuskarta a bango. Na ajiye langar tuwo, na karɓi jaririn na goya, na wanke mata kwanukan da suka taru. Mun yi awa biyu ba ta ce mini komai ba sai "sannu, Mama." Da zan fita na hangi littafin waƙoƙinta a kan taga, an ɗora masa kofin shayi, ƙura ta fara hawa. Ban taɓa shi ba. Na ce mata zan dawo ran Alhamis.